Shafina na jan jiki, an ce in sayi babbar sabar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da takalma da jakunkuna, kuma shekara biyu ke nan da ɗan ƙanena ya buɗe mini shafin intanet don mutane su riƙa yin oda. Yanzu shafin yakan ɗauki sakan 12, wani lokaci 15, kafin ya buɗe a waya, har kwastomomi sun fara ƙorafi. Yaron ya ce sabar da shafin yake kai, wato kwamfutar da ke riƙe da shi, a ƙasar waje take, nisa ne ya jawo, kuma maganin shi ne mu koma wata babba wadda kuɗinta ya ninka na yanzu sau huɗu, a biya na shekara biyu gaba ɗaya don a samu ragi. Ya ce in shafin ya yi sauri za mu sayar wa duniya baki ɗaya, cinikina ya ninka cikin wata shida. Komai na shafin a hannunsa yake, ni kuɗi kawai nake turawa. In biya, ko in nemi bashi in ƙara a sayi wadda ta fi wannan ma?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya tukuna, maganar bashi kuwa ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. A duk bayaninka magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai: "Komai na shafin a hannunsa yake, ni kuɗi kawai nake turawa." Nan ciwon yake. Shekara biyu kana da shagon da ba ka riƙe makullinsa ba, ba ka taɓa buɗe littafinsa ba. Yanzu kuma wanda makullin ke hannunsa shi ya gano matsalar, shi ya yanke abin da za a saya, shi zai karɓi kuɗin ya je ya biya. Ko da yaron nan waliyyi ne, ba a tafiyar da kasuwanci haka.

Ban ce ɗan ƙaninka macuci ba ne. Ban san shi ba, kuma yawancin yaran da na tarar a irin wannan matsayi da zuciya ɗaya suke aiki, iyakar saninsu ke nan. Abin da ya dame ni shi ne kai ba ka da hanyar gane ko ya yi daidai ko ya yi kuskure. Da baƙo ka ɗauka aiki, da tun ranar farko ka nemi rasit, ka tambayi da sunan wa aka yi rajista, ka ce a nuna maka dalili kafin ka ƙara ko sisi. Da yake ɗanka ne, sai kunya ta hana ka. Kunyar nan ce take shirin sa ka zuba kuɗin shekara biyu a kan matsalar da ba wanda ya auna.

To bari mu auna maganar nisan, tun da abu ne mai lissafi. Saƙon intanet yana ƙetare teku ta cikin wayoyin gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa, kuma haske a cikin gilashin yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Idan tsakanin sabar da kwastomanka akwai kilomita 10,000, zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 100 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan. A zahiri yakan fi haka, domin wayoyin ba miƙewa suke yi sambal ba, suna bin gaɓar teku, suna ratsa tashoshi, don haka ka ce 150 zuwa 200. Tsakanin Ingila da gabashin Amurka ma, inda wayoyin suke da yawa, wajen milisakan 70 ake samu.

Kuma ba sau ɗaya ake zuwa a dawo ba. Kafin wayar kwastoma ta ga ko harafi ɗaya, sai ta nemo inda sabar take, ta ƙulla layi da ita, su daidaita kan tsaron da zai ɓoye abin da suke aika wa juna, sannan ta nemi shafin. Kamar zuwa huɗu ke nan, ko biyar idan sabar tana kan tsohon tsarin tsaro na kafin 2018. Huɗu sau 200, milisakan 800. Ba mu kai sakan ɗaya ba. Bari in yi wa yaron sassauci, tun da layi yakan fara turo kaya kaɗan-kaɗan kafin ya buɗe sosai, in ce nisa ya ci sakan 2. Kai kuma ka ce shafinka 12 zuwa 15 yake ɗauka. Ina sauran 10 suka tafi? Tambayar da ya kamata ka yi masa ke nan ranar da ya zo da maganar kuɗi.

Ka lura da wani abu ma. Ya ce matsalar nisa ce, sannan ya ce maganin girma. Ina haɗinsu? Babbar sabar da ke can inda ƙaramar take, nisansu ɗaya, kuma haske ba ya ƙara gudu don ka biya ninki huɗu. Ba sai ka san kwamfuta za ka kama wannan ba. Da a kan kaya ne wani dillali ya kawo maka magana mai tufka da warwara irin wannan, da ka tsayar da shi tun bai rufe baki ba.

Ba na ganin shafinka, amma in aka ce in yi hasashe, hotuna zan fara tuhuma. Mai takalma da jaka da hoto yake ciniki, kuma abin da aka saba shi ne a ɗauki hoto da waya a ɗora shi yadda ya fito. Hoton wayar zamani yakan kai megabait 3, wani ya wuce. Goma a shafin farko, megabait 30 ke nan. Megabait ɗaya megabit 8 ne, don haka kwastoman da layinsa ke ba shi megabit 10 a sakan, wanda ba laifi a waya, zai jira sakan 24 kafin su gama sauka. Ko a ɗakin da yake zaune aka ajiye sabar, lissafin bai canja ba. Hotunan nan kuwa in aka rage faɗinsu daidai fuskar waya, aka matse su, aka mayar da su tsarin hoto mara nauyi da ake kira WebP, kowane zai dawo kilobait 100 zuwa 150 ba tare da idon mai saye ya ga bambanci ba. Goman sun koma megabait ɗaya da rabi, saukarsu ba ta kai sakan 2 ba. Aikin yini ɗaya ne, ba a sayen komai. Ka kuma tuna duk megabait ɗin nan datar mutane kake ƙonawa. Wanda ya buɗe shafinka ya ga datarsa ta zube, ba zai kira ka ya yi ƙorafi ba, daina zuwa zai yi.

Akwai wani mai sayar da kujeru da gadaje da ya zo wurina bayan ya riga ya yi abin da kake shirin yi. An ce masa sabar ce, ya hau mai tsada, shafin bai motsa ba. Mai yi masa aikin ya ce ai wannan ma ta yi kaɗan, ya sake hawa sama. Sai da abin ya ishe shi muka zauna da wani da ya san aikin, aka buɗe shafin a gabansa. Bidiyon talla ne a saman shafin farko, mai kunna kansa da kansa, nauyinsa ya fi na duk sauran shafin in an haɗa. A zaman nan aka cire shi, shafin ya buɗe nan take. Kuɗin shekarar da ya biya gaba kuwa bai dawo ba, domin wa'adin mayar da kuɗi ya wuce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shi da bakinsa ya ce a saka bidiyon, don ya ga wani babban kamfani yana da irinsa, yaron da ke masa aiki kuma bai iya ce masa a'a ba.

Abu na biyu da zan tuhuma shi ne lokacin da sabar kanta take ɗauka tana haɗa shafin kafin ta turo. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan wata manhajar gina shafi mai suna WordPress aka gina su, kuma ina kyautata zaton naka ma haka. Masu koyo suna son liƙa masa ƙananan manhajoji, wannan ta juya hoto, wannan ta hira da kwastoma, wannan ta ƙirga baƙi, har su taru su yi yawa, kowace sai ta yi nata aikin duk lokacin da wani ya buɗe shafi. In kuma ba a kunna ajiyar kwafi ba, wato a haɗa shafin sau ɗaya a riƙa miƙa wanda aka riga aka haɗa, sabar za ta sake aikin daga farko ga kowane baƙo. A nan ne kaɗai maganar yaron take iya zama da ƙamshin gaskiya. Sabar mai araha ana cusa shafuka masu yawa a kanta, in wani daga cikinsu ya cika ta da aiki, kowa sai ya sha jira. Amma wannan ma ana auna shi, kuma har yau ba wanda ya nuna maka lamba ko ɗaya.

Awon ba wuya gare shi ba, ba kuma sai ka biya ba. Google yana da wani shafi, PageSpeed Insights. Ka rubuta adireshin shafinka, ka duba sakamakon waya, kada ka ruɗu da na kwamfuta wanda kullum ya fi kyau. Abu biyu za ka nema. Na farko, tsawon lokacin da sabar ta ɗauka kafin ta fara amsawa, wanda Google ke ganin ƙasa da milisakan 800 ya yi kyau. Na biyu, lokacin da babban abin da ke shafin ya gama bayyana, wanda ake so kada ya wuce sakan 2 da rabi. In na farko ƙarami ne na biyu kuma ya yi tsawo, nauyin shafi ne, a koma kan hotuna. In na farkon kansa ya kai sakan 3 ko 4, to sabar ce ko manhajojin da aka jibga mata. Zai ma jero maka hotunan da suka fi nauyi da sunayensu. Ka sa yaron ya yi wannan a gabanka, kana zaune kana kallo, ka kwafe lambobin da hannunka.

A wannan zaman dai ka ce ya buɗe kwamfuta ya rubuta ping da sunan shafinka. Lambobin da za su fito, wato lokacin zuwan saƙo da dawowarsa a milisakan, su ne ainihin nisan da ake ta magana a kai. In sun tsaya wuri ɗaya, 180, 185, 178, to nisa ne zalla, kuma mun riga mun yi lissafinsa. In suna tsalle daga 180 zuwa 900, wasu saƙonnin kuma suna ɓacewa a hanya, cunkoso ne a layi, kuma sau da yawa a kusa da kai yake, a kamfanin layinka ko a na'urar da ke ba ka intanet a shago. Akwai kuma tracert, mai nuna tashoshin da saƙon ya ratsa ɗaya bayan ɗaya. Ina faɗa maka shi ne don kada a tsorata ka da shi. Za a nuna maka taurari a tsakiyar jerin a ce ga inda ya lalace, alhali wasu tashoshin ba sa amsa irin wannan tambaya ne kawai. Tsallen da aka samu a tasha ɗaya kuma, in bai bi sauran tashoshin har ƙarshe ba, ba komai ba ne. Babban tsallen da ya zauna daram daga wani wuri, galibi nan ne aka ƙetare teku.

Sannan ka ɗauki littafi. Na san wannan ne ba za ka so ba, kuma shi ne ya fi duk sauran amfani. Mako biyu, safe da rana da dare, ka buɗe shafin da agogo a hannu ka rubuta sakan nawa, a wane layi. Ka roƙi kwastomomi uku ko huɗu da ke wurare daban-daban su yi maka haka. Duk lokacin da naka ya yi nauyi, ka buɗe wani babban shafi a take ka gani. In shi ma yana ja, layi ne. In shi ya buɗe fes naka yana juyawa, naka ne. In kuma da dare kaɗai yake yi, a layi ɗaya kaɗai, me ya haɗa sabar da wannan? Gani ya kori ji. Ban da haka, ka ce mini yanzu shafin yana nauyi, amma ba ka ce yaushe ya fara ba, kuma na tabbata ba ka sani ba. Da akwai rubutu, da ka ga ko a satin da aka ɗora sababbin kaya ne, ko a satin da aka ƙara wata manhaja, da an gama maganar cikin minti biyar.

Kada ka ɗauka ina cewa nisa ba ya cizo. Yana yi. Shafin da ke ɗauko harufa daga wani kamfani, talla daga wani, akwatin hira daga wani, kowane sai an ƙulla masa nasa layin daga farko, kuma kowane ƙulli zuwa da dawowa ne. A nan milisakan 200 suke taruwa su zama sakan da yawa. Maganin farko a rage su. Na biyu shi ne abin da ake kira CDN, wato kamfanin da ke da sabobi a birane da yawa, yana ajiye kwafin hotunanka kusa da masu saye. Ɗaya daga cikinsu, Cloudflare, yana da wurare a birane fiye da 300, kuma yana da tsarin kyauta da ya ishi ƙaramin shago. Ba zai ɗauke komai ba, domin kwandon saye da wurin biyan kuɗi sai sun koma ainihin sabar, amma hotuna su ne mafi yawan nauyin. In bayan duk wannan awo ya nuna sai an matso da sabar, to a matso da ita inda masu sayenka suke, kuma littafin odarka ne zai faɗi ina ne. A gwada ta da ping kafin a biya, domin kusa a taswira ba lalle ya zama kusa a layi ba. Akwai ƙasashe maƙwabta da saƙo tsakaninsu sai ya je Turai ya dawo.

Akwai kuma ranakun da ba laifin kowa a cikinku. A watan Janairun 2022 aman wuta a ƙarƙashin teku ya tsinke wayar da ta haɗa ƙasar Tonga da duniya, suka yi wajen mako biyar kafin a gyara. A Fabrairun 2024 wayoyi sun tsinke a Bahar Maliya, a Maris ɗin shekarar kuma huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka kwana biyu intanet na ja. Irin wannan farat ɗaya yake zuwa, yana shafar kowa, kuma ba abin da za ka saya ya fitar da kai. Abin da yake ceton ɗan kasuwa a ranar shi ne lambobin wayar kwastomominsa suna rubuce a wurinsa.

Yanzu mu koma kan makullin, domin ko shafin nan ya koma buɗewa cikin ƙiftawar ido, in ba a gyara wannan ba kana cikin haɗari. Sunan shafinka, wanda ka buga a jikin leda da kati da allo, ana yi masa rajista ne a wani kamfani, ana sabunta shi duk shekara. Da sunan wa aka yi? Da imel ɗin wa? Katin wa ake cirewa? In amsar ita ce na yaron, to a takarda sunan nasa ne, kai baƙo ne a shafinka. Haka asusun kamfanin sabar, haka kalmar sirrin shiga cikin shafin a matsayin mai shi, haka asusun da kuɗin kwastomomi ke faɗawa. Wannan na ƙarshen ina fata dai ba sai na tambaya ba. Duka su koma sunanka, da imel ɗin da kai kake buɗewa, da lambar wayar da ke aljihunka. Shi a buɗe masa tasa ƙofar ta ma'aikaci, wadda za ka iya rufewa. A kuma sauke maka kwafin shafin gaba ɗaya duk wata, ka ajiye a wurinka.

Wata baiwar Allah mai sayar da kayan yara ta taɓa zuwa mini tana kuka a kan wannan. Ƙanen mijinta ne ya buɗe mata shafi, yaron kirki, ba ta taɓa kama shi da cin ko ƙwandala ba. Ya samu karatu ya tafi, ya canja lambar waya, katin da ya yi rajista da shi ya daina aiki. Kamfanin ya yi ta aika gargaɗi zuwa imel ɗin da ba mai buɗewa. Wata safiya, a tsakiyar lokacin da ta fi ciniki, shafin ya ɗauke. Sunan da wa'adinsa ya ƙare ba nan take yake tafiya ba, akwai ɗan lokacin sassauci, sannan akwai kwana 30 na fansa da ake biyan tara mai nauyi. Amma kamfanin ba zai saurari wanda ba sunansa a rajista ba, kuma ita ba ta ma san wane kamfani ba ne. Kafin a samo yaron, a samo kalmar sirrin da shi kansa ya manta, lokaci ya ƙure, wani ya saye sunan. Ta sake sabon suna, ta sake buga komai, tsofaffin kwastomominta kuma suna buɗe tsohon adireshin suna tarar da tallar da ba ta san da ita ba. Ba wanda ya yi niyyar cutar ta a duk labarin nan, amma ta yi asarar abin da ta shekara tana ginawa.

Na san abin da ke ranka: yaya zan ce wa ɗan ƙanena ya miƙo kalmar sirri ba tare da ya ga kamar ina zarginsa ba? Ka kira shi ku zauna, ka yaba masa aikin da ya yi, domin ya yi. Ka ce masa rai da lafiya na Allah ne, dukiyar da ke hannun mutum ɗaya ba tare da rubutu ba nauyi ce a kansa shi ma. Sannan ka yanka masa albashi ko ladan aiki, a rubuce, da abin da zai riƙa yi duk wata. Ina zargin ba ka biyansa yadda ya kamata, sai ɗan abin da ka ba shi in ka tuna, kuma wanda ke yi maka aikin alfarma ba ka da bakin ce masa bai yi daidai ba. Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko kamfanin da ya zaɓa zai ba shi kamasho. Kamfanonin sabar da yawa suna biyan wanda ya kawo musu kwastoma. Ba haramun ba ne, amma ya kamata ka sani kafin ka ɗauki shawararsa. Yaron kirki zai ji daɗin an sauke masa nauyi. In kuwa ya fara kwana-kwana, yau ya manta, gobe ba ka iya ba za ka lalata, to ka samu amsar wata tambayar da ba ka yi mini ba, kuma gara ka same ta yanzu.

Sai maganar sayar wa duniya da ninka ciniki cikin wata shida. Alhaji, na gaji da jin wannan magana. Gaskiya ne jinkiri yana korar masu saye. Wani binciken Google na 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu buɗe shafi a waya suna barinsa in ya wuce sakan 3 bai buɗe ba, don haka gyaran ya zama dole. Amma sauri yana riƙe wanda ya riga ya zo ne, ba ya kawo wanda bai san da kai ba. Mutum nawa ke buɗe shafinka a wata? Nawa ne a cikinsu suke saye? Ba ka faɗa ba. A abin da na saba gani, mutum 1 zuwa 3 ne cikin 100. Mu ƙaddara baƙi 1,000 kake samu, 20 suna saye. Ka gyara shafin, mu yi fatan alheri mu ce sun koma 30. Ribar takalmi goman da suka ƙaru ita ce za ta biya ninki huɗun nan duk wata, har ta biya bashi a kai? Ka ɗauki biro ka buga. Duniyar da za ka sayar wa kuwa, wa zai kai musu kayan, nawa ne kuɗin jirgi a kan takalmi ƙafa ɗaya, wa zai biya kwastan, in ya yi wa mutum kaɗan ya ce zai maido wa zai ɗauki asarar, kuma me zai sa wanda bai taɓa jin sunanka ba ya turo maka kuɗi daga wata nahiya? Ba ɗaya daga cikin waɗannan da sabar take warwarewa. Masu ƙorafin da kake da su yanzu su ne dukiyarka, tun da har sun damu sun faɗa maka. Su za ka fara gyara wa.

Ragin biyan shekara biyu ma ka dube shi da kyau. Yawanci farashin shigowa ne, in wa'adin ya cika sabuntawar ta fi tsada, kuma damar karɓar kuɗinka in ba ka gamsu ba ba ta cika wuce kwana 30 ba. Kai da kake juya kuɗi a kaya, ka san abin da kuɗin shekara biyu zai haifar in yana hannunka.

Don haka satin nan a mayar da asusun duka sunanka. Sati biyu masu zuwa ka cika littafin awo, a matse hotuna, a cire manhajojin da ba a amfani da su, a kunna ajiyar kwafi, a saka CDN na kyauta, a sake awo. In bayan haka sabar tana ɗaukar fiye da sakan ɗaya da rabi kafin ta fara amsawa, a kowane layi, a kowane lokaci, to yaron ya yi gaskiya a wani ɓangare, kuma ka faɗa masa haka. Sai ka hau mataki ɗaya kacal sama da wanda kake, a wurin da ya fi kusa da masu sayenka, ka biya na wata ɗaya da katinka, ka sake awo kafin ka biya na biyu.